A Can Tsaye Suke Aiki

Dogo yana da wani ɗan aibi da shi kansa bai taɓa musantawa ba: ba ya iya jure shiru a wurin taro. Da zarar an yi tambaya, ya ga kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, sai harshensa ya fara masa ƙaiƙayi. Matarsa ta sha gaya masa cewa ko a gidan makoki aka yi tsit, shi ne zai tambayi ƙarfe nawa. Yakan ce ai halin masu ilimi ne. Ilimin kuwa na 'yan watanni ne a ajin yamma, inda ya karanci tattalin arziki har zuwa babin da aka fara zana layuka masu lanƙwasa. Daga nan ya ga gara ya bar wa masu abu abinsu.

Shi ne foman a ɗakin hanci na wani kamfanin silifa. Haka ma'aikata ke kiran ɗakin, domin a nan ake zura wa silifa hanci. Injin da ke baya yana yanko tafin roba mai huji uku, a turo shi cikin kwanduna, mata kuma suna zaune a dogayen tebura masu ƙafar ƙarfe, kowace da ƙugiyarta: ta soka, ta jawo, ta murɗa, ta jefa a kwali. Kujerun na katako ne, gajeru, na kamfani a takarda, amma kowace mace ta daɗe da mayar da tata tamkar ɗakinta. Wata ta ɗaura tsumma, wata ta liƙa guntun soso. Ta Yaya ce ta fi kowace ado, don ita kaɗai ke da majingina, wani falanki da aka buga mata a baya, aka lulluɓe shi da ragowar shuɗiyar roba.

Yaya yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar Inna, ita ta roƙa masa aikin nan tun yana ɗaukar kwali, kafin ya zama mai yawo da hannu a baya. Gajeruwa ce ƙwarai, kuma takan ce Inna ta yi ta tara tsawon gidan ne ta juye wa auta. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa. A zaune kuwa babu hannun da ke kamo nata a ɗakin, kuma da hannun nan take riƙe da gida mai jikoki tun da mijinta ya kwanta dama.

Abin ya faro ne daga wata ziyara. Ma'aikatar ciniki ta shirya kai mutanen masana'antu ƙasar da ke tsallaken kogi, su ga yadda ake yi a can. Manaja da mataimakinsa ne za su je, haƙori ya kama mataimakin, aka cusa Dogo a bas don kada kujerar ta tafi a banza. A can aka kai su wani kamfanin silifa, aka zaunar da su ƙarƙashin rumfa a kan wasu 'yan gajerun kujeru, gwiwoyin Dogo suna neman taɓa kunnuwansa. Aka yi jawabai har rana ta karkata, aka sha lemo mai ɗumi, sannan aka zaga da su cikin kamfanin da sauri kamar an biyo su. Abin da ya gani a ɗakin hancinsu bai wuce na ƙiftawa da bismilla ba: mata a sunkuye kan tebura, a tsaye, hannuwa na ta aiki.

Bayan dawowarsu aka turo Dokta. Mashawarci ne da ma'aikatar ke yawo da shi kamfani kamfani, mai fararen haƙora da majigi. Ya haska bango, ya nuna jerin ƙasashen duniya a kan wani abu da ya kira ƙarfin gogayya. Tasu ƙasar tana can ƙasa, ta tsallake kuma ta ɗara ta da 'yan matakai.

"Ƙasa kamar kamfani take," in ji Dokta. "In ba ta gogayya, ta mutu. Duk silifar da suka sayar, taku ce ba ta sayu ba. To ku da kuka je kuka gani, me suke yi da ba ma yi?"

Aka yi tsit. Manaja ya dubi akantan kamfani, akanta ya dubi fanka. Dogo ya danne harshensa da haƙori. Ya ƙirga tagogi. Shirun ya yi ta kumbura har ya ji kamar zai fashe masa a ƙirji.

"A can tsaye suke aiki," ya ji bakinsa ya ce.

Dokta ya nuna shi da biro, kamar malamin da ya gano haziƙi a bencin baya. Ya rubuta maganar a allo, ya ja mata layi biyu. Dogo ba zai yi ƙarya ba, ranar ya koma gida yana jin ya ƙara tsawo, shi da ba ya bukata.

Kafin mako ya zagayo an kwashe kujerun an tara a sito. Aka kira mai walda ya ƙara wa teburan ƙafa don kada a riƙa sunkuyo, ya dasa su a siminti, Dogo na tsaye a kansa. Aka liƙa takarda a ƙofa mai ɗauke da tutar ƙasa, an rubuta cewa kowane hanci da aka zura mataki ne na ɗaga martabar ƙasa.

Da farko matan sun ɗauke shi abin dariya. Wata da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa, takan ƙame ta sara wa teburinta kowace safiya. Dariyar ba ta daɗe ba. Da rana ta take, ɗakin yakan yi shiru, sai ƙarar ƙafafu ana sauya su, a ɗaga wannan a sauke waccan, kamar kaji a kan kwano mai zafi. Yaya takan jingina cikinta da tebur, ta tura nauyinta kan gwiwar hannu, ƙugiyar na suɓuce mata.

Wata rana lokacin hutu ya same ta zaune a kan kwandon da ta kife a bakin famfo, ta miƙe ƙafafu. Idon sawunta ya ɓace cikin kumburi.

"Auta, zo nan."

"Yaya, a wurin aiki foman nake."

"Ni kuma a ko'ina ni na wanke maka kashi. Zo nan."

Ya je. Matan suka matso da kwanukansu, don sun san za a sha kallo.

"An ce kai ka faɗa."

"Abin da na gani na faɗa."

"To fahimtar da ni, tunda kai ka yi ajin yamma. Gasar nan da ƙasa ke yi, a wane fili ake yin ta? Wa ke busa usur?"

"Ba irin wannan ba ce. In kayanmu suka fi nasu araha, ƙasa ta ci gaba."

"Ta ci gaba ta bar ni a ina?"

"A tsaye," in ji Rediyo.

"In mun ci, me za a ba ni?" Yaya ta ci gaba. "In kuma sun ci, za a sa wa ƙasar kwaɗo ne, a ce kowa ya kwashe kayansa ya nemi wata?"

Abin haushin shi ne Dogo ya san amsar, kuma ba daga Yaya ya fara jin ta ba. Malaminsu na ajin yamma, wani tsoho mai tari, ya taɓa ɓata darasi guda a kan wannan. Ya ce shago na iya karyewa a rufe shi, ƙasa ba a rufe ta. Ya ce shago ba ya sayar wa ma'aikatan shagon da ke gaba da shi rabin kayansa, amma maƙwabciyar ƙasa in ta samu, ita ce mai sayen katifarka da sabulunka. Ya ce in kana son sanin ko ƙasa na ci gaba, dubi abin da mutum ke iya samarwa a yini da irin rayuwar da yinin ke saya masa, ka daina leƙen katangar maƙwabci. Dogo ya rubuta duk wannan a lokacin, har ya ci jarrabawa da shi. Sai ga mai majigi ya nuna shi da biro, Dogo ya sayar da tsohon a take.

"Zan yi magana da Manaja," ya ce.

"Yi. Maganarka ai tana da albarka, mun gani."

Ya sami Manaja a ofis, a kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa takardu.

"Yallaɓai, aikin yamma ya ragu. Da safe suna ƙoƙari, da rana ƙafa ta gaji hannu ya bi ta."

"Na gani. Shi ya sa nake son ganin ka. Mai kamfani ya ce duk wadda ba ta cika kwalayenta zuwa ƙarshen wata, a sallame ta, a kawo masu jini a jika." Ya duba takardar da ke gabansa. "Yayarka ce a ƙarshe."

"Ita ce ta ɗaya kafin a ɗauke kujeru."

"Wannan tsohon tsari ne."

Dogo ya ce ai kowa a kamfanin ya san abin da ke sa silifarsu tsada. Wuta tana ɗaukewa sau da yawa a yini, janareta na shan mai kamar jaki ya samu kogi. Injin yanka ya girmi rabin ma'aikatan, yana ɓata roba fiye da wadda yake yankawa daidai. Mota tana kwana a hanya saboda ramuka. Wanne daga ciki kujerar Yaya ta jawo?

Manaja ya saurare shi har ya gama, ba tare da fushi ba, abin da ya ƙara ƙona wa Dogo rai.

"Wuta ba a hannuna take ba," ya ce. "Titi na gwamnati ne. Inji, mai kamfani ya ce ba bana ba. An ce in yi wani abu a kan gogayya. Duba ɗakin nan ka gaya min me ya rage a hannuna. Kujeru."

"To a mayar da su, tunda bai yi ba."

"Dokta ya riga ya kai rahoto ma'aikata, da sunanmu a ciki a matsayin abin koyi. In na mayar, in ce musu me? Ƙasa ta gaji ta zauna?" Ya juya kujerarsa. "Kuma kai ka faɗa, Dogo. Ni ban ma shiga ɗakin hancinsu ba, ina waya."

Ya fito yana huci. A kan matakala ya tsaya ya sake karanta takardar nan mai tuta, ya ji kamar ya yage ta da haƙori. Da can yana ɗauka kalmar gogayya ba ta da wani amfani sai cika baki a taro. Yanzu ya ga tana da amfani sosai. Da ita ake iya zare kujera daga ƙarƙashin mace mai jikoki ba tare da an dubi idonta ba. Ba Manaja ya ɗauke ba, ba mai kamfani ba, ba Dokta ba. Ƙasa ce ta bukata. Ita kuwa ƙasa ba ta da ofishin da za ka je ka buga mata tebur.

Ya gwada 'yan dabaru. Ya shigo wa Yaya da bulo ta riƙa ɗora ƙafa ɗaya, mai gadi ya fitar da bulon. Ya riƙa zagayawa ta bayanta yana zura wasu hantuna da kansa yana jefa mata a kwali, sai ta buge masa hannu da ƙugiya.

"Ka bar min kwali. Hancin da ka zura ko ɗan yaye ya taka sai ya fita."

A gida matarsa ta daina yi masa maganar ƙarfe nawa. Ta daina yi masa magana ma gaba ɗaya, sai ta ajiye abinci ta ce wa bango ga shi nan.

Ana cikin haka, wata na shirin ƙarewa, aka ce mutanen tsallake za su rama ziyara. Aka share harabar kamfani, aka kafa rumfa, aka yi hayar fararen kujerun roba. Da bas ɗin baƙi ta tsaya sai ga wata a bayanta, ga kuma motocin ma'aikatar ciniki. Manaja ya ƙirga kawuna ya ƙirga kujeru, gumi ya karyo masa.

"Dogo, buɗe sito. Kwaso na matan nan, a jera a baya."

Ya kwaso su da ƙurarsu, yana kakkaɓewa, yana gane kowace: mai tsumma, mai soso, mai ƙafar da aka ɗaure da waya. Ta Yaya ya ajiye a ƙarshen layi. Wanda ya zauna a kanta wani mai sanƙo ne mai tumbi, foman ɗakin hancin tsallake, wanda suka taɓa raba lemo da shi a waccan ziyarar. Ya gane Dogo, ya jawo shi kusa, ya jingina da falankin yana lumshe ido.

"Wannan ta fi tawa ta gida," ya ce ƙasa ƙasa, don Dokta ya riga ya kama lasifika. "Ashe ku ma haka kuke yi."

"Kamar me?"

"Kwaso na ma'aikata in baƙi sun yi yawa. Ranar da kuka zo ai haka muka yi. An ce mana mutum kaɗan ne, sai ga ku bas guda. Matan suka yini a tsaye suna tsine muku, har kuka tafi."

Dogo ya dube shi. Ya tuna gwiwoyinsa a kusa da kunnuwansa. Ya tuna har wani tsumma da ya ji a ƙarƙashinsa ranar, ya ce a ransa mutanen nan sun iya karɓar baƙi.

"Wato a zaune suke aiki."

"Da can dai. Yanzu an kwashe." Mai sanƙo ya yi tsaki. "Manajanmu ya ga rahoton ma'aikatarku, wai kun koma aikin tsaye kuna neman wuce mu. Ya ce ba za a bar mu a baya ba. Yau ma ya kawo mu ne mu ga yadda kuke jurewa. Don Allah gaya min, me kuke ba su?"

A gaba Dokta ya kai ƙarshen jawabinsa. Ya ce ƙasashen biyu 'yan'uwa ne amma kasuwa ba ta san 'yan'uwa ba. Ya tambaya ko akwai mai tambaya.

Aka yi tsit. Dogo ya ji ƙaiƙayin nan ya taso. Wannan karon bai ƙirga tagogi ba.

"Ina da ita," ya ce, ya miƙe, kuma in Dogo ya miƙe ba a rasa ganin sa. "Na baya, kowa ya dubi abin da yake zaune a kai. Ta wata mata ce da ke tsaye a ciki, ƙafarta a kumbure. Ranar da muka je can, mu muka zauna a kan nasu, na leƙa na ga mata a tsaye, na dawo na faɗa a taro don ba na iya rufe bakina. Aka kwashe namu don mu kamo su. Suka ji, suka kwashe nasu don su kamo mu. Yanzu mata na tsaye a ƙasa biyu, wuta na ɗaukewa a ƙasa biyu, silifa kuma tana nan yadda take. Dokta, wa ke kan gaba?"

Wani a cikin baƙin ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Na layin baya suka fara ɗaga cinya suna leƙa ƙarƙashinsu. Dokta ya gyara lasifika ya ce tambaya ce mai muhimmanci, kuma ma'aunin gogayya yana da rassa da yawa da ba za a iya warwarewa a tsaye ba.

"Mu ma haka muka gani," in ji Dogo.

Babban jami'in ma'aikatar ciniki ya juya ya dubi Manaja. Manaja, wanda bai kai matsayinsa da wauta ba, ya tashi yana murmushi ya ce dama gwaji ne, an kammala shi, kuma tun jiya aka yanke shawarar mayar da kujerun. Shi ya sa ma aka fito da su, su sha iska.

Dogo bai jira a tashi taro ba. Ya dafa kafaɗar mai sanƙo.

"Tashi, ɗan'uwa. Mai ita na jira."

Ya ɗaga kujerar sama da kansa, ya ratsa tsakiyar rumfar da ita, ya bi ta gaban Dokta, ya shiga ɗakin hanci. Matan sun ji komai ta taga. Rediyo ta fara buga ƙugiya a tebur, sauran suka ɗauka, ɗakin ya cika da ƙara. Ya taka har ƙarshen layi kamar mai ɗauke da kofin gasa, ya dire kujerar a bayan Yaya, ya goge shuɗiyar robar da hannun rigarsa.

"Zauna, Yaya."

Ta dube shi, ta dubi kujerar. Ta dafa tebur, ta sauka a hankali, gwiwoyin na ƙara, har bayanta ya sami falankin. Ta sauke numfashi mai tsawo.

Buga ƙugiyar ya tsaya. Dogo ya zagaya ɗaya gefen teburin, daga nan ba a ganin komai na Yaya sai ɗankwalinta da idanu biyu. Ta ɗaga hannu ta lalubo tafin silifa a saman teburin, kamar yaro mai neman abu a kan kabad, ta sauko da shi, ta juya shi, ta mayar.

"Auta," muryarta ta fito daga ƙarƙashi, "wannan karon wa muka ci?"

Mai kamfani ya ce kiran mai walda sau biyu a shekara ɗaya ɓarna ce, sai an shiga sabon kasafi. Ƙarshen wata aka sallami Yaya. Teburan suna nan a dashe cikin siminti, a tsayin da aka yanka su, kuma ranar da mai walda ya tambayi inda tsayinsu zai tsaya, da ƙugun Dogo aka auna.